Boxer 150, Babur ɗin da Ya Haɗa Kurmi da Gida

Idan masana babura suka zauna lissafin na doguwar tafiya, sunayen da suke fara kamawa su ne BMW GS na Jamus, da Africa Twin na Honda, da Ténéré na Yamaha wanda ya ci sunan hamadar gabashin Agadas. Duk na yarda da su, kuma duk ranar da ɗaya ya gifta ni a titi sai na bi shi da ido har ya ɓace. Amma a ƙasar nan tamu, a kan titunan nan namu, da irin aljihun nan namu, ban ga babur ɗin da ya kama ƙafar Boxer 150 na kamfanin Bajaj ba. Ina faɗa da babbar murya, ina kuma alfahari da faɗa. Duk Bahaushen da ke neman abinci a Inugu ko Anacha ko Fatakwal, zuciyarsa kuma tana raya masa wata rana ya ɗaure kaya ya kama hanyar gida a kan ƙafa biyu, to wannan ne abokin tafiyarsa.

Na san abin da wani zai ce: ai wannan babur ɗin 'yan acaɓa ne. Ƙwarai kuwa, kuma nan ne darajarsa take. Babur ɗin da ya wuni yana ɗaukar mutum biyu da buhun garin rogo a cikin taɓon damina, gobe ya tashi da bugu ɗaya, jibi ma haka, shekara da shekaru, ya riga ya ci jarrabawar da babu wani ɗakin gwaji da zai iya shirya irinta. 'Yan'uwanmu da suka bazu a kurmi suna acaɓa su ne suka gwada mana shi, ba da baki ba, da guminsu.

Ɗan Indiya ne. Bajaj, wanda hedikwatarsa ke Pune, ya yi shekaru yana aiki tare da Kawasaki na Japan tun cikin shekarun 1980, kuma daga wannan haɗin gwiwa sunan Boxer ya fito. Ƙaramin, mai siisii 100, shi ya fara cika mana tituna, sannan babban ya biyo baya a 2011. Yau Najeriya tana sahun gaba cikin ƙasashen da kamfanin ke kai wa babura. Injin babban siisii 144.8 ne, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, ƙarfinsa wajen doki 12, tankinsa lita 11, nauyinsa gaba ɗaya bai wuce kilo 120 da 'yan kai ba. Ka ajiye wannan kusa da babban BMW mai tankin lita 30 da nauyin da ya haura kilo 260. Wancan idan ya kwanta maka a cikin laka a bayan Okigwe, sai ka nemi gayya. Boxer kuwa kai kaɗai za ka ɗaga abinka, ka share taɓo daga madubi, ka ce bismillahi ka ci gaba.

Kai jama'a, sautin injin nan! Ba shi da hargowa, ba ya tayar da unguwa. Wani irin bugu yake yi a natse, musamman idan ka sa giyar ƙarshe ka daidaita totur a matsakaicin gudu, har sai ka ji numfashinka ya bi nasa. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kana iya matsawa gaba ko baya idan zama ya dame ka. A baya kuma sifirin biyu ne aka sa ɗaya cikin ɗaya, ɗaya ya karɓi ƙananan gargada, ɗayan ya tari rami mai zurfi. Wanda ya san yadda wasu sassan hanyar Inugu zuwa Fatakwal suka yi shekaru a lalace, musamman tsakanin Aba da Fatakwal, shi zai san abin da wannan sifirin ya tsare wa bayan mutum. Sai dai a ce tubarkalla.

Maganar mai kuwa, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, ta zama maganar farko a bakin duk mai abin hawa. Ina cika tankina a Inugu, in bi ta 9th Mile, in wuce Obollo-Afor da Otukpo da Aliade, in tsallaka gadar Binuwai a Makurɗi, in girgiza babur in ji mai yana motsi a ciki. Wace mota ce za ta yi maka haka da lita 11? A wurina Boxer shi ne jakin fataken wannan zamani: cinsa kaɗan, ɗaukarsa da yawa, kuma ba ya ƙin hanya don ta yi muni.

Amma abin da ya fi komai ɗaure ni da babur ɗin nan ba a jikinsa yake ba. A bakin hanya yake. Daga Fatakwal har Kano, babu garin da za ka tsaya ka rasa mai gyaran da ya san cikin Boxer ciki da bai. Kunle Adeyanju ya burge ni matuƙa lokacin da ya taso daga Landan ranar 19 ga Afrilun 2022 a kan Honda CB500X, ya keta Sahara, ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, duk don tara wa ƙungiyar Rotary kuɗin yaƙi da shan inna. Jarumi ne, na cire masa hula. To amma irin babur ɗinsa idan wani abu ya mutu a ƙauye, sai an yi waya birni, wani lokaci ma sai an yi odar kayan daga waje. Namu kuwa, wayar kuloci ta tsinke maka a Lokpanta, kafin ka gama shan shayi a bakin kara yaro ya sa maka sabuwa.

Dalilin wannan yalwa yana nan kusa da Anacha, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba: Nnewi. Bayan yaƙin basasa da ya ƙare a 1970, 'yan kasuwar garin suka mayar da kasuwar Nkwo Nnewi cibiyar kayan gyaran mota da na babur, suna ɗaukar yara su koya musu ciniki shekaru sannan su sallame su da jari. A nan Innocent Chukwuma ya fara da sayar da kayan babur, ya koma shigo da babura a kwance yana haɗawa a gida don farashi ya sauko, kafin ya buɗe masana'antar motocin Innoson a 2010. Wanda bai taɓa shiga layin kayan babur na Nkwo ba, wallahi gani ya kori ji. Fistan da ringi a jere a kwali, sarƙoƙi a rataye har ƙasa, tankuna masu sheƙi an jibge su har rufi, tayoyi ba iyaka, yara suna ratsawa da amalanke. Mutum zai iya shiga da hannu biyu ya fito da babur sukutum, guntu-guntu. Mai shago zai tare ka da "Alhaji, zo ka gani," da Hausarsa ta wanda ya taɓa zaman Sabon Garin Kano, ya ajiye maka abu iri biyu ko uku a kan tebur, ya gaya maka wannan na kamfani ne, wannan mai bi masa ne, wannan kuma na maneji. Shawarata ɗaya ce: takalmin birki da sarƙa da taya, sayi na kamfani ko da za ka kwana da yunwa. Madubi da murfin gefe, yi manejinka.

Makanikena ɗan Arewa ne, ya daɗe a kurmi har yarensu ya zauna a bakinsa. Rumfarsa ta kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai, kuma kallon sa yana aiki a kan Boxer wani daɗi ne na daban. Ba ya fara taɓa sifana. Sai ya sa a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ɗan murɗa totur, ya saki. Sannan ya ce, "Maigida, bawul ɗinka na magana, amma sai inji ya huce za mu taɓa shi." Haka ne kuwa, ba a saita bawul da zafi, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗumama, awon sai ya yi ƙarya. Kafin injin ya huce sai ya kwance fulogi ya ɗaga shi ga haske. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Idan ya yi baƙi da toka, mai ya fi iska yawa, ko dai matatar iska ta toshe ko kafireto na neman saiti. Idan kuma ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na cin wuta, kuma wannan ne ke kashe fistan a doguwar hanya. Sai ya kira yaronsa: "Kai, kawo fetur a gwangwani da buroshi." Yaron ya ce, "To, Oga." Kafireton nan za a warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan tsumma, a wanke, a hura kowace ƙaramar kafa da baki, a mayar. Babu kwamfuta, babu na'urar da za a jona. Duk abin da ke damun babur ɗin nan ido na ganinsa, kunne na jinsa, hannu na kaiwa gare shi. Ina ƙaunar wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Juye shi ne ran injin. Baƙin man da yake sha wajen lita ɗaya ne kacal, don haka babu uzurin jinkiri, kuma kafin kowace doguwar tafiya sabo nake zubawa ko da na ciki bai gaji ba. Inji ne da iska ke sanyayawa, man nan shi ke taya iskar aiki. Sai sarƙa. A taɓa ta daga ƙasa a tsakiya, ta yi wasa misalin faɗin yatsa biyu. Ta fi haka, za ta riƙa duka tana iya zamewa. Ta ɗaure tamau, za ta ci haƙoran da take bi ta kuma wahalar da giya, musamman idan an yi lodi baya ya zauna. In za a canja, a canja ta tare da faranta masu haƙoran gaba da baya, kada a haɗa sabuwa da tsofaffi.

Akwai abin da mai hawa a kurmi ya sani wanda na gida bai damu da shi ba, wato ruwa. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano kuwa ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Ruwan nan yana wanke man sarƙa, yana shiga hular fulogi, yana kwanciya a cikin gangar birki har ka taka ka ji shiru na ɗan lokaci. Bayan ka ratsa ruwa mai zurfi, ka riƙa ɗan taka birki a hankali kana tafiya har ya bushe. Ga kuma wata al'ada tamu da nake roƙon 'yan'uwa su sassauta: barin leda da kwalin da sabon babur ya zo da su a jikin tanki da kujera wata da watanni, don a san sabo ne. Na fahimci daɗin abin, ni ma ina son a ga nawa yana ƙyalli. Amma a nan ruwa ke shigewa ƙarƙashin ledar ya kwanta, ranar da ka yaye sai ka tarar da tsatsa ta riga ka. Idan kuma ka haura Arewa da hunturu, abokin gaba ya canja, ƙura ce. Soson matatar iska sai an riƙa cire shi ana wankewa, a ɗan shafa masa mai, a matse, a mayar.

To, sai gyare-gyaren da ke mayar da babur ɗin kasuwa ya zama na matafiyi, kuma a nan ne nake rasa inda zan tsaya da zance. Farko kariya. Wadda ya zo da ita ƙaƙƙarfa ce, amma mai walda zai faɗaɗa maka ita, ya yi mata ƙugiyoyi a ƙasa inda roba za ta kama, ya kuma sauko da ƙarafa biyu a gefe don jaka kada ta taɓa taya ko salansa. Robar ɗauri kuwa babu wadda ta kai tsohon tib na mota da aka yanka tsiri-tsiri, ba ta kwancewa, ba ta gajiya. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa-ƙasa kuma kusa da bayanka. In ka tura su can ƙarshen kariya, gaban babur zai yi sauƙi ya riƙa rawa a hannunka. Sai ƙarfen kare gwiwa a gaban inji, wanda ranar da aka zame shi ke karɓar ƙasa kafin ƙafarka. Sai kujera: kai ta wurin masu ɗinkin kushin su ƙara soso mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, su rufe da leda mai kauri. Mai laushi zalla daɗinsa na awa ɗaya ne, daga nan sai ka ji ƙarfe.

Fitila ma ana sauya mata ƙwai mai farin haske, a ƙara wurin cajin waya a kusa da kai, da ɗan gilashin tare iska. Wasu suna ƙara haƙori ɗaya a farantin gaba na sarƙa, don injin ya rage kuka a miƙaƙƙen titi ya kuma ƙara tsimin mai. Dabara ce mai kyau ga wanda tafiyarsa shimfiɗa ce kuma ba ya lodi. Amma ƙarfin hawa yana raguwa, kuma duk wanda zai fita daga Inugu zuwa 9th Mile sai ya hau tudu, ko ta Ugwu Onyeama ko ta Milliken. Ni na bar nawa yadda kamfani ya yi shi, kuma ban taɓa jin ya yi mini ƙorafi a kan tudun nan ba. Abin da ba na goyon baya sam shi ne fasa salansa don ƙara. Ba ya ƙara gudu, yana ɓata saitin mai, yana kuma jawo maka idon da ba ka buƙata a garin da kake baƙo. Ado kuwa, a yi shi son rai. Nawa yana da tuntayen fata 'yan Sakkwato a hannu biyu, ja da kore, kuma idan iska ta ɗebe su a kan hanya raina fari tas yake yi.

Tudun Milliken ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Tsohuwar hanya ce tun zamanin Turawa masu haƙar kwal, tana nannaɗe da jikin dutse daga Inugu zuwa Ngwo, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango gefe ɗaya kwari mai zurfi cike da itatuwa. Da sassafe hazo yana kwance a ƙasan kwarin, garin kuma yana buɗewa a bayanka kaɗan-kaɗan. A giya ta biyu da ta uku Boxer ke cinye shi, yana kwanciya a kowace kwana cikin ladabi, yana tashi ba tare da ka roƙe shi ba. A gangarowa kuma ka bar giya ta riƙe maka shi, kada ka kwanta a kan birki, domin birkin ganga ne, idan ya yi zafi kamunsa yana raguwa. Wannan ne wurin da mutum zai gane cewa rashin nauyi ma ƙarfi ne.

Daga nan hanya ta miƙe. Obollo-Afor da dogayen layukan tireloli da masu shayi 'yan gida, inda za ka ji "sannu da hanya, ɗan'uwa" ka ji kamar ka iso. Kurmi yana ja da baya, bishiyoyin kwakwar manja suna raguwa, sama tana faɗaɗa. Bayan Makurɗi sai Lafiya, sai Akwanga, inda mai son sanyi zai hau Jos, mai gaggawa kuma ya nemi Kaduna. A mota duk wannan wucewa kawai kake yi. A babur kuwa fatarka ce ke fara sanar da kai cewa iska ta bushe, hancinka ya ji ƙamshin ƙasar da ka sani tun kana yaro. Wanda ya fito daga Anacha zai iya biyowa ta Awka da Ugwuoba ya haɗe da wannan hanya a 9th Mile, ko ya tsallaka Kwara ta tsohuwar gadar 1965 zuwa Asaba ya nemi Lakwaja. Na Fatakwal kuma ya biyo Aba da Umuahia da Okigwe, ya huta a Lokpanta cikin 'yan'uwa masu shanu.

Sai dai dole mai babur a wannan yanki ya san dokar gari. Jihar Ribas ta hana acaɓa a Fatakwal da kewayenta tun 2009 zamanin Rotimi Amaechi, Inugu ta bi a 2012 zamanin Sullivan Chime, Anambra kuma ta hana a Anacha da Awka a Yulin 2018 zamanin Willie Obiano. Mu 'yan Kano ba baƙin wannan ba ne, namu ya zo a Janairun 2013. Wannan ya sa da yawa cikin masu hawanmu suka koma keke mai ƙafa uku, wasu suka matsa garuruwan gefe, kuma a can ne za ka sami ƙwararrun masu gyara yanzu. Matsalar mai Boxer na kansa ita ce kamarsa ɗaya da ɗan acaɓa. Don haka takardunka su cika, lasisi da inshora da lamba, hular kwano a kai wadda jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilastawa tun Janairun 2009, riga mai kauri da safar hannu da takalmi rufaffe. Shigar matafiyi ita kanta tana yi maka rabin bayani a shingen bincike. Kafin ka kutsa tsakiyar birni, tambayi mutanen Sarkin Hausawan wurin inda babur ke iya bi da inda ba ya bi, su suka san halin da ake ciki a wannan makon. Ranar Litinin a ƙasar Ibo, tun zaman gidan da aka fara a Agustan 2021, ni ba na ɗaura tafiya. Dare kuma ko a ina ne ba na yinsa, la'asar sakaliya ta same ni a masauki.

A ƙarƙashin robar kariyata kullum akwai 'yar jakar fata: fulogi sabo, wayar kuloci da ta totur, tib ɗaya, kayan faci da ƙaramin famfo, mahaɗin sarƙa, filaya, sukudireba, da sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da ta kwance taya. Da waɗannan kaɗai ana iya warware kusan duk abin da zai tsayar da Boxer a daji, kuma duka ba su kai nauyin buta cike da ruwa ba. Ka sa makanikenka ya koya maka cire tayar baya da mayar da ita a gabansa, ka yi da hannunka har ya ce ya yi. Idan za ka saya sabo, ka yi haƙuri da shi a farkon kwanakinsa, kada ka matsa masa gudu, ka yi juyen farko da wuri, sannan ka fara gwada shi da gajerun tafiye-tafiye, Inugu zuwa Ugwuoba ka dawo, Inugu zuwa Obollo-Afor ka dawo, kafin ka ɗaure kayan Sallah ka fuskanci Makurɗi.